Wai waya ba ta jin ruwa

Masu sayar da waya a Sabon Gari sun ishe ni da "Alhaji, wannan ko a kogi ka jefa ta!" Ka ce su nuna maka lambar IP, wato ma'aunin kariyar waya daga ƙura da ruwa, sai sosa ƙeya. A IP67, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuwa wayar ta jure nutso a zurfin mita 1 na minti 30. Shi ma a ruwa mai tsabta aka gwada, ba a kwatar Tudun Wada da damina ba. Faɗuwa ƙasa kuwa, IP bai san da ita ba, gwajinta daban ne. Kuma da zarar mai gyara ya ɓalle bayanta, gam ya saki, ƙurar hunturu ta samu ƙofa.