Tsagar da ke cikin dutse ce ke kayar da shi

Allah ya jiƙan masu fasa dutsen da wani rahoto ya ce gefen ramin da suke aiki a ciki ya rufto musu. Amma malam mai rahoto, inda ka ce dutsen na da ƙarfi shi ya sa ba wanda ya zaci zai faɗo, nan kam ban yarda ba.

Irin dutsen da muke da shi a Zariya, kamar na Kufena, giranit ne. Gutsurensa ɗaya in aka matse a injin gwaji sai ya jure nauyi mai ban mamaki. To amma bangon rami ba gutsure ɗaya ba ne. Duk wanda ya hau Kufena ya ga yadda dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa, ga tsage-tsage suna ratsa juna. In tsaga ta karkato ta fuskanci ramin, aka kuma ci gindin falan, abin da ke riƙe da shi gogayyar fuskokin tsagar biyu ce kawai.

Sai ga damina. A watan Agusta ruwa kan cika tsagar yana tura fuskokin nan, yumɓun da ya taru a ciki ya jiƙe ya yi santsi. Ga nakiya, ga tsofaffin tayoyi da ake ƙonawa a kan dutse don ya tsage. Kafin ya faɗo sau da yawa akan ga tsaga ta buɗe a saman bangon, tsakuwa na gangarowa, ruwa na tsatsowa ta gindi.

Ga sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru nan kusa. Masu rami su kira su a auna karkatar tsaga tukuna, kafin a tura yara ƙarƙashi da guduma.