Alhaji Maƙo Ya Zo Cinikin Jirgin Iska

(Bakin tafki ne da yamma. Ƙananan jiragen ruwa masu ƙyalle suna kai da komo a kan ruwa, masu su na tsaye a gaɓa, kowa da rimot a hannu. Malam Gwani ya durƙusa yana ɗaure igiyar nasa. Sai ga Alhaji Maƙo, jikansa Auta na biye da shi. Shi Alhaji, in ka ga ya sa hannu a aljihu, to hankici zai ɗauko.)

ALHAJI: Salamu alaikum, Malam. Yaron nan ya hana ni sakat, wai sai na saya masa irin abin nan. Kafin mu yi nisa, mai nawa yake sha?

GWANI: Amin alaikumus salam, Alhaji. Ba ya shan mai. Babu ma injin da ke tura shi, iska ce ke tafiya da shi.

ALHAJI: Iska? Wannan dai ta Allah da ba a biya?

GWANI: Ita fa.

ALHAJI: Auta, Allah ya yi maka albarka, yau ka nuna jinina ne kai. To Malam, tunda iska ce direba, rimot ɗin aikin me yake?

GWANI: Aiki biyu. Sandar dama tana juya jelar da ke ƙarƙashin ruwa, ita ce sitiyarin jirgin. Ta hagu tana jan igiyar ƙyallen ko ta sassauta ta. Akwai 'yan injuna biyu a ciki da ke wannan aikin, su ke cin batir. Rimot ɗin ma yana ci.

ALHAJI: Na san za a rina. To a cire batirin, yaron ya riƙa ɗaga murya daga nan.

AUTA: Kaka, jirgi ba ya jin magana.

ALHAJI: Ashe dai naka ne tun ba a saya ba. Malam, ni fa na ga wani a kwali, ja da fari, har da ɗan matuƙi na roba a tsaye a kai. Kuɗinsa ko kusa bai kai na waɗannan ba.

GWANI: Ka juya kwalin ka duba ƙarƙashin jirgin?

ALHAJI: Na duba. Har da farfela suka ƙara masa kyauta.

GWANI: To wannan kwalekwalen wasa ne da aka ɗora wa ƙyalle don ado. Farfelar ce ke tura shi, ranar da ta tsaya ya zama kayan kabad. Jirgin iska na gaskiya za ka gan shi da doguwar ƙafa a ƙasa, da dunƙulen ƙarfe mai nauyi a ƙarshenta. Kuma kafin ka biya, ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa. Igiya za ta tsinke, ɗan inji zai ƙone, ƙyalle zai yage. Wanda ba a sayar da kayansa, ƙaramar ɓarna ɗaya ta kashe shi.

ALHAJI: (Ya sunkuya ya ɗaga wani babban jirgi da ke kan mazauninsa, ya yi nishi.) Wayyo bayana! Wannan me aka zuba masa?

GWANI: A hankali, Alhaji, ba nawa ba ne. Wannan shi ake kira IOM, jirgin tsere ne, tsawonsa mita 1 cif. Dokar ajinsa ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin nauyin yana cikin ƙafar nan, dalma ce.

ALHAJI: Wato rabin kuɗina dalma zan saya, in kuma jefa ta a ruwa da hannuna. A sayar min babu dalmar.

GWANI: Sai iska ta farko ta kwantar da shi ruf. Nauyin nan ne ke miƙar da shi duk lokacin da iska ta danne ƙyallen. Kuma kada ka damu da wannan, ba sa'anka ba ne. Masu irinsa kowa da maƙerin da yake zuwa, ana ta sauya siffar jiki ana neman sauri. Akwai ma yayansa, Marblehead, mai tsawon kusan mita 1.3, wanda aka fara a Amurka tun shekarun 1930. Shi in ka ji kuɗinsa sai an yi maka fifita.

ALHAJI: Ajiye shi, Auta, matsa daga kusa da shi, kada ka yi numfashi a kansa. Malam, na gane lissafin. Kuɗin da tsawo yake tafiya. Wanne ne ƙarami duka?

GWANI: Akwai Footy, inci 12 ne.

ALHAJI: Babu mai inci 6?

GWANI: Alhaji, ƙaramin jirgi ba ya yafe wa ɗan koyo. Ɗan motsin ruwa kaɗan ya riƙa wulli da shi, in ya yi nisa kuma ba ka gane gabansa da bayansa. Da idon nan naka?

ALHAJI: Idona lafiyarsa ƙalau. Tun daga can na hango kuɗin da wani ya yar.

AUTA: Murfin kwalba ne, Kaka.

ALHAJI: Yana aljihuna dai.

GWANI: Dubi ruwan nan da kyau. Yawancin waɗanda kake gani iri ɗaya ne da nawa, DragonForce 65, na kamfanin Joysway. Ya fito a 2013, tsawonsa santimita 65, nauyinsa kilo 1 da 'yan kai, yana shiga bayan mota ba sai an kwance shi ba. Yana zuwa kusan a haɗe, kuma akwai wanda ake sayarwa har da rimot a kwalin. Abin da ya sa mutane suka yi masa caa shi ne dokarsa. Jikin jirgin da ƙafa da jela dole a bar su yadda suka fito daga masana'anta. In ka sauya su da masu tsada, ba za a bar ka ka shiga tsere ba.

ALHAJI: Dakata. Maimaita min a hankali. Doka ce ta hana mutum kashe kuɗi?

GWANI: Kusan haka. Mai kuɗi da talaka jirgi ɗaya suke tuƙawa, sai dai hannu ya raba su.

ALHAJI: (Ya share ƙwalla da hankicin nan.) Wane bawan Allah ne ya rubuta dokar nan? Yana raye? Ina so in je in gaishe shi. A ƙafa.

(A nan Malam Gwani ya yi kuskuren da masana ke yi: ya ga ciniki ya kusa faɗawa, sai ya ƙara bayani.)

GWANI: Sai dai ƙyallen ba ɗaya ba ne. Akwai babba na iska mai sanyi, akwai ƙanana na ranar da ta yi ƙarfi. In ka bar babban a iska mai ƙarfi, jirgin zai riƙa cusa hanci a ruwa ya ƙi jin sitiyari.

ALHAJI: Ka gani ko! An fara. Kowanne da kuɗinsa?

GWANI: Kowanne. Amma ɗan koyo wanda ya zo a kwali ya ishe shi. Ranar da iska ta fi ƙarfinsa ya zauna ya yi kallo.

ALHAJI: Kallo na iya shi. To wanda ake sayarwa a wargaje fa, mutum ya haɗa da kansa? An ce ya fi sauƙi.

GWANI: A jikin kwali ya fi sauƙi. Ka buɗe ka tarar babu rimot, babu 'yan injunan, babu batir, wani ma sai ka sayi gam da fenti. Ka tara su duka tukuna ka kwatanta. In kana son haɗa abu da hannunka, bismilla, akwai daɗi. In don ragi ne, araha ba ta ado.

ALHAJI: Ni ba ado na zo nema ba. Na hannu fa?

GWANI: Yawwa, yanzu ka yi tambaya. Nan ake samun rabo, musamman wajen mutanen da ka gani suna tuƙa abinsu a gabanka. Amma ka duba inda ƙafa ta shiga jiki, ko akwai tsaga. Ka buɗe murfi ka ga ko ruwa na kwana a ciki. Ka duba wayoyi, in sun yi baƙi ko kore, tsatsa ta ci su, balle in a ruwan gishiri aka riƙa sa shi ba a ɗauraye ba. Ƙyalle in ya saki ya yi tumbi, ya gama aiki. Rimot kuma ya zama na zamani mai 2.4 GHz, don tsofaffin masu dogon eriya in biyu suka haɗu a tasha ɗaya, sai ka ga kana tuƙa jirgin maƙwabcinka. Duk aibin da ka samu a cikin waɗannan, kuɗi ya sauka.

ALHAJI: Duk aibi, kuɗi ya sauka. Auta, riƙe min wannan a ka. Malam, ba ni in ɗana naka, ai ba a sayen abu ba a gwada ba.

(Malam Gwani ya yi jim, ya miƙa rimot. Iska na busowa daga bayansu, jirgin ya buɗe ƙyalle ya miƙe tsakiyar tafki, gwanin sha'awa.)

ALHAJI: Kai! Auta, dubi kakanka! Duk wannan gudun ko sisi!

GWANI: Ya isa haka, juyo da shi.

ALHAJI: Na juyo. Ya tsaya yana karkaɗa riga. Malam, jirginka ya lalace, kuɗi ya sauka.

GWANI: Lafiyarsa lau, ka sa hancinsa cikin iska ne. Ba ya iya fuskantarta kai tsaye. Ja igiyar, ka karkata shi kamar digiri 45, ka tafi dama, ka juyo hagu, a haka a haka har ya iso.

ALHAJI: Hanyar ta ninku ke nan. Batirin wa za a ƙona?

GWANI: Nawa ne, Alhaji! Ba can ba, akwai ciyawa a can! Hagu! Ɗaya hagun!

AUTA: Kaka, ya maƙale.

GWANI: Ciyawa ta naɗe ƙafar. Bari in ɗauko ƙwallo da zare, in jefa ta bayansa mu jawo shi a hankali.

ALHAJI: In zaren ya yaga ƙyallen, wa zai biya?

GWANI: Wanda rimot ke hannunsa.

(Ba a taɓa ganin dattijo ya tuɓe takalmi da sauri haka ba. Kafin a ce kwabo Alhaji ya kai ruwa iya ƙugu, hula a baki, ya cafko jirgin ta sandar ƙyalle ya ɗaga sama, murfin ya ɓalle, ruwa ya kwarara ciki.)

GWANI: Inna lillahi! Ba ta sanda ake ɗauka ba! Ta ƙafa!

ALHAJI: (Ya cire hular daga baki, ya leƙa cikin jirgin, ya girgiza shi kusa da kunne.) Malam, tsakani da Allah, ruwa na kwana a cikin jirgin nan. Ga sanda ta lanƙwashe, ga ciyawa a ƙafa. Auta, aibi nawa ke nan?

AUTA: Uku, Kaka.

ALHAJI: Uku. To Malam, sallama nawa? Ka yi sauri, akwai abin da ke taɓa min ƙafa.