Metallica ba ta ci amanar kowa ba a 1991

Mu masu sauraron kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai kaushin jita da ƙarfin ganga, a Kaduna ba mu da yawa, benci biyu na mai shayi a Barnawa sukan ɗauke mu duka, amma mun shafe makonni muna gardama a kan faifan da ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar a 1991, wanda aka fi sani da Black Album. Abokaina biyu sun tsaya kai da fata cewa a nan ne ƙungiyar ta bi kasuwa ta juya wa masoyanta na asali baya. Ni dai ban gamsu ba.

Na yarda kiɗan ya sauya. Wanda ya saurari faifansu Master of Puppets na 1986 ya san gudun ganga da kaushin jita da waƙar da takan haura minti takwas ba tare da ta gundure ka ba. Sai dai abokan nawa sukan tsallake faifan 1988, wato ...And Justice for All, inda waƙa ɗaya ta kusa kai minti goma, sassanta suka yi ta sarƙewa, sautin bas (jita mai kaurin murya) na Jason Newsted kuma ya nutse har da ƙyar kunne yake kama shi. A ganina wannan hanya ta riga ta kai bango. Da suka ɗauko Bob Rock ya shirya musu faifai na gaba, wato Black Album, sun rage gudu, sun taƙaita waƙoƙi, amma gangar Lars Ulrich ta ƙara nauyi, muryar James Hetfield kuma ta fito sarai. Faifan ya sayar da kwafi sama da miliyan 16 a Amurka kaɗai, kuma wannan adadin ne, ina zato, ya fi kiɗan kansa ɓata wa mutane rai, domin abin da suke taƙama da shi su kaɗai ya zama na kowa da kowa.

Irin wannan ƙorafin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin haka iyayenmu suka yi ta faɗa lokacin da mawaƙan Hausa suka ajiye kalangu da kukuma suka rungumi fiyano a situdiyo.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, da na tambayi kowannensu waƙar Metallica da ya fara ji a rayuwarsa, duk su biyun suka ambaci waƙoƙin cikin wannan faifan da suke kushewa. Ta ƙofarsa suka shigo kafin su koma baya su gano na 1986.

Inda nake ba su gaskiya shi ne faifansu Load na 1996, wanda ni ma ban cika saka shi ba. Amma dalilina raunin waƙoƙin ne, su kuwa har yanzu askin da mawaƙan suka yi a shekarar suke kawo mini a matsayin hujja.