Fafaroman da ya tsaya kan maganar mudu

In aka ambaci Fafaroma Gregory na ɗaya, wanda Kiristoci ke ce wa Gregory Babba, yawanci abun da ake fara kawowa shi ne ya tura Augustine da tawagar 'yan zuhudu zuwa Ingila, suka sauka Kent a 597. To ni gaskiya abun da ya fi kama mun zuciya a rayuwar mutumin nan wasiƙunsa ne, sama da 800 da suka rage har yau.

Ɗan gidan masu kuɗi ne a Roma, an haife shi wajajen 540, har ya riƙe muƙamin shugaban birnin yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, sai kawai ya ajiye komai, ya maida gidan ubansa gidan zuhudu, ya gina wasu shida a gonakinsu na tsibirin Sisili. A 590 kogin Tiber ya riga ya yi ambaliya ya lalata rumbunan hatsi, annoba ta biyo baya ta kashe Fafaroma Pelagius na biyu, ga mayaƙan Lombard, wata ƙabila da ta kutso Italiya, suna ta cin garuruwa, sarkin da ya kamata ya kare Roma kuma yana can Kustantiniya, a haka aka ɗora wa Gregory kujerar Fafaroma yana cewa ba ya so.

Ku duba wasiƙar da ya rubuta wa wakilinsa Peter a Sisili a 591. Cocin Roma na da manyan gonaki a can, masu karɓar hatsi suna zuwa da mudu mai ƙaton ciki su auna wa talaka, shi kuwa ya ce a daina, a farfasa ma'aunan zalunci, a maida wa manoma abun da aka ƙwace musu, kuma a karanta musu wasiƙar su ji da kunnensu dan su san haƙƙinsu. Wallahi wannan na ƙarshen ya fi komai taɓa ni, dan mai cutar talaka ba abun da yake tsoro kaman talakan ya san doka. Hatsin nan kuma shi ake lodawa a jirgi a kai Roma a raba wa mayunwata da 'yan gudun hijira.

Littafinsa na ƙa'idar kiwon jama'a, Regula Pastoralis, da wannan tunanin ya rubuta shi, cewa shugaba likita ne, ba magani ɗaya ake ba kowa ba, yanda za ka yi wa mai kuɗi nasiha daban da na matalauci, mai saurin fushi daban da mai haƙuri. Shekara kusan 300 bayan haka Sarki Alfred na Wessex a Ingila ya sa aka maida shi Turancin wancan zamanin aka rarraba wa bishop-bishop.

Akwai inda ban yarda da shi ba fa. Da wani soja mai suna Phocas ya kashe Sarki Maurice na Kustantiniya da 'ya'yansa a 602 ya haye mulki, Gregory ya aika masa wasiƙar murna, wannan tabo ne kuma ba zan wanke shi ba. A tsibirin Sardiniya ma ya ce a ƙara wa manoman da suka ƙi barin addinin gargajiya kuɗin haya har su gaji su tuba, alhali shi ne ya hana a yi wa Yahudawa baftisma da ƙarfi a birnin Marseille na Faransa ta yau.

Shekarunsa na ƙarshe ciwon gaɓɓai ya kwantar da shi, da ƙyar yake tashi, amma daga kan gadon yake ta shifta wa marubutansa wasiƙu kan sulhu da Lombard da fansar fursunoni, har ya rasu ranar 12 ga Maris, 604.