Ba duk wanda zaƙi ke wahalarwa ke da ciwon suga ba

A Zariya da mutum ya ce ya ci alkaki ko ya sha lemo sai jiri ya kama shi, hannu na rawa, gumi na keto masa, nan take za ka ji an ce ai ciwon suga ne. To ba lallai ba fa.

Wani lokaci ga yadda abin yake, ka sha zoɓo mai zaƙi cau ciki babu komai, suga ya haura a jini da sauri, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauko da suga a jini, da yawa ya wuce misali, bayan awa 2 zuwa 4 sugan ya faɗo ƙasa, shi ne kasala da ciwon kai da bugun zuciya da wata muguwar yunwa. Lemon roba na 50cl kaɗai yana iya ɗauke da suga sama da cokalin shayi 10, kuma a azumi da shi wasu ke buɗa baki kafin ma su taɓa ƙosai.

Ka fara cin wake, ƙwai ko gyaɗa tukuna, zaƙin kaɗan daga baya. In abin yana yawan dawowa ka je asibiti, ko nan asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, a auna jininka da safe kafin ka karya, shan ruwan shuwaka ba awo ba ne.