Watan haihuwa a ƙasar da ake ɓoye furfura

Tun ranar 1 ga Nuwamba wayata ta fara cika da saƙonni. Greggs, mai sayar da burodi da kayan ciye-ciye, ta ajiye mini ɗan kayan zaƙi kyauta a manhajarta, wani kantin tufafi ya yi mini ragi har ƙarshen wata, masu kayan kwalliya ma sun ce in leƙo. Shekara 11 ke nan ina zaune a Manchester, kuma duk inda na taɓa cike fom na sa ranar haihuwa, sai an tuna da ni. Ba ni da ja a kan kyautar. Kowa ya san dabarar: a ba ka na ɗanɗano, ka shiga ka fito da leda biyu. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na wani shago da ya zo da hoton man shafawa, wai in cika 52 amma in fito kamar 'yar 40.

Sun san inda suka taɓa. In ban dubi madubi ba, ko kusa ba na jin na kai 52. Ba ni kaɗai ba ce kuma. Binciken da David Rubin da Dorthe Berntsen suka yi a Denmark, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna waɗanda suka haura 40 kan ji kansu ƙasa da shekarunsu da kusan kashi 20 cikin 100. In aka yi lissafin da nawa, wajen 42 ke nan, kuma wallahi haka nake ji. Jin nan ni'ima ce daga Allah. Damuwata ita ce yadda ake juya shi ya zama kunya, a nuna miki cewa fuskarki ta ci amanar zuciyarki, ga kuma maganin a kwalba.

Inna ba ta san ranar haihuwarta ba. Tawa ma don Baba malamin firamare ne ya rubuta a bayan littafi. In ka tambaye ta, sai ta ce ta haife ni shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973 ke nan, kaka ta yi, ana kai dawa gida. Mu ranar mako muka riƙe, muka sa ta a suna: Ladi, Talatu, Larai, Lami, Jummai, Asabe, Ɗanjuma, Balarabe. Wadda ta zo a watan azumi a kira ta Azumi. Kullum ana kiranka da ranarka, ba sai shekara ta zagayo ba.

Ita ma Inna takan ce zuciya ba ta tsufa. Har yanzu in ana biki ita ke tsayawa kan tukwane. Amma ban taɓa ganin ta damu da furfura ba, don furfurar ce ta ba ta wurin zama. Ita ake fara gaisarwa a durƙushe, ita ake kira in aure ya yi tsami, in ta yi magana an gama. A nan kuwa na yi aiki da mata masu hankali da gogewa waɗanda ke fargabar a san shekarunsu, kada a ɗauke su kayan da aka gama yayi.

Ba na cewa mu ba ma rage shekaru. Muna yi, har da rantsuwa a kotu, saboda ritaya a shekara 60, ko don a samu zuwa bautar ƙasa kafin a wuce 30. Wannan ƙarya ce, kuma ban yarda da ita ba, amma neman abinci ne ke jawo ta. Abin da na fi tsoro shi ne wanda nake gani yana shigowa Kano da Kaduna ta Instagram: kek, sabon ɗinki, hoton da aka goge duk wani layi na fuska, sannan a ɓoye adadin.

Bana na karɓi kayan zaƙin, man shafawar kuma na bar musu. A makon ne wata amarya da aka kawo daga Zariya ta tare ni bayan walima, ta rusuna ta ce, "Mama, ina son in zo gida mu yi magana." Shi ne karo na farko da wani ya kira ni Mama a garin nan ban da 'ya'yana. Na ce ta zo ranar Asabar da la'asar, na jiƙa shinkafar waina tun daren Juma'a.