Teku Na Ƙara Tsami, Wani Na Raina 0.1

Tun jiya raina ke ɓace da maganar wani mutum a wata tattaunawa. Wai ma'aunin pH na ruwan teku, wato awon tsaminsa da ke sauka idan tsami ya ƙaru, daga 8.2 ya sauko zuwa 8.1 ne kawai, don haka babu dalilin kafa wa masana'antu doka kan iskar kabon da suke fitarwa. Haba malam! Wanda bai san yadda ma'auni ke aiki ba, me ya kai shi yanke hukunci da shi? Kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne. Wannan 0.1 da ka raina ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu.

Doka ake buƙata. Na faɗa, zan kuma sake faɗa.

Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da muke saki daga ƙona kwal da fetur da gas da yin siminti. Da ta shiga ruwa sai ta zama tsami, ta rage sinadarin da halittun ruwa irin su kawa da murjani ke gina ɓawonsu da shi. Ruwan bai koma ruwan tsami ba, gaskiya ne, amma 'yan halittun nan ba sai ya kai can suke jigata ba. A 2007 da 2008, wata gonar ƙyanƙyasar kawa a jihar Oregon ta Amurka ta ga 'ya'yan kawa suna mutuwa tuli a tankunanta. Ƙananan abubuwa ne da ido ke gani da ƙyar, a kwana biyun farko suke fara ɗaura ɓawo, ruwan da ake jawowa daga teku ya hana su. Abincin mutane ne wannan, sana'arsu ce.

Sai a ce ai su ma sun yi maganin abin, sun riƙa auna ruwa suna zuba sinadarin soda. E, a tanki. Tekun da ya rufe kusan kashi 70 cikin 100 na doron duniya, wa zai zuba masa? A ce a dasa bishiyoyi. A dasa mana, amma ba a kwashe ruwa a ɗaki alhali rufi na yoyo. A ce tattalin arziki zai taɓu. Na masunta fa, ba tattalin arziki ba ne?

A yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta abin da za ta rage, ba hukunci in ta gaza. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 kuwa ta sa wa'adin daina sinadaran da ke huda rigar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, aka daina, ramin na ta warkewa. A ƙayyade wa kowace masana'anta da tashar lantarki iyaka, a auna, wanda ya wuce ya biya tara mai zafi. Doka, ba roƙo ba.

Af, Charles Keeling, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, nake ta tunawa. A 1958 ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan na iska. Yau ta haura 420. Ya rasu a 2005, ɗansa Ralph ya ci gaba da aikin. Abin da ke taɓa ni a zanen awon nan shi ne yadda layin ke ɗan sauka duk shekara idan itatuwan arewacin duniya suka yi ganye, ya sake hawa idan ganyen ya zube.